Yadda Ake Jona Jiniya da Fitila a Bayan Na'urar Kyamara

Juya bayan na'urar da ke naɗar hotunan kyamara, DVR ce ko NVR, ka duba kusa da inda wayar wuta take shiga. A da yawa daga cikinsu za ka ga wasu 'yan ramuka a jere cikin koren roba, kowanne da ɗan sukuru a kansa, an rubuta ALARM IN a gefe ɗaya, ALARM OUT a ɗaya gefen. A yawancin shaguna da gidajen da ake kirana gyara a nan Garwa, ƙura ce kawai a cikin ramukan nan. An kashe kuɗi an sayi na'ura, an ɗaura kyamarori huɗu ko takwas, amma amfaninsu bai wuce ihu bayan hari ba: a fasa shago cikin tsakar dare, da safe mai kaya ya zauna yana kallon wani mai rawani yana jidar buhunansa. Abin nan yana ci mini rai, domin na'urar tana iya tayar da unguwa tun mutumin yana taɓa kwaɗo, ta kuma haske masa fuska da fitila. Aikin jonawar ba wuya gare shi, amma akwai abu ɗaya da in ba ka riƙe shi ba, za ka ƙona wa mutum na'urarsa.

Abin da ke bayan ramukan

A mafi yawan na'urori, ALARM OUT makunni ne kawai. Ba ya ba da wuta ko kaɗan. A cikin na'urar akwai wani ɗan ƙaramin rele, wato makunnin da maganaɗisu ke ja, kuma duk abin da yake yi shi ne ya haɗa wayoyi biyu ko ya raba su. Shi ya sa za ka ga sabon shiga ya soka wayoyin jiniya biyu a ramukan, ya kunna, ya ji shiru, ya ce na'urar ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Ba a kawo wa jiniyar wuta ba ne.

Rubutun da ke kan ramukan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ma'anar ɗaya ce. COM, ko C kawai, shi ne na tsakiya, wanda wuta ke shigowa ta kansa. NO yana nan a rabe da COM har sai ƙararrawa ta tashi, sannan su haɗu. NC kuwa a haɗe yake da COM kullum, sai ƙararrawa ta tashi su rabu. Jiniya da fitila a COM da NO ake sa su. A na'urorin Dahua za ka ga NO1 da C1, NO2 da C2, haka dai. A wasu na Hikvision, musamman kyamarori, 1A da 1B za ka gani, ramuka biyu da ke haɗuwa in an tayar da su.

Kada ka tsaya ga rubutun kawai, gwada da mita, wato 'yar na'urar auna wuta ta hannu. Murɗa ta zuwa inda take yin ƙara in bakunanta biyu sun haɗu, ka ɗora ɗaya a COM ɗaya a NO, babu wata waya a jone. Shiga cikin menu ka tayar da ƙararrawar da hannu. In ka kasa kunne za ka ji ɗan "ƙas" daga cikin na'urar, mita kuma ta yi ƙara. Ka sauke, ta yi shiru. To rele ne, kuma lafiyarsa lau. Daga nan ka mayar da mita wajen auna bolt na DC ka sake gwadawa. In ka ga sifili, ka tabbata makunni ne zalla.

Wannan gwaji na biyu yana da dalili, domin ba duka ne haka ba. Akwatin ƙararrawa na gida, irin mai maɓallan lamba a bango, yana da ramuka biyu da aka rubuta wa BELL ko SIREN, waɗannan suna fitar da bolt 12 da kansu. Wasu na'urorin Dahua ma suna da ramin da aka rubuta CTRL 12V, shi ma wuta yake bayarwa. In ka kawo wata wuta daga waje ka ɗura a irin wannan rami, ka gama da shi. Akwai kuma kashi na uku, wanda ya fi yawa a jikin kyamarori: babu rele, taransista ne ke janyo wayar zuwa ƙafar − in an tayar da shi. Wannan ba ya yin "ƙas", yana da gaba da baya, kuma shi ne mafi rauni a cikinsu.

Nawa zai iya ɗauka

A nan ne na'urori ke mutuwa. Relen da ke ciki bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, haƙoransa kuma sirara ne. A yawancin na'urorin naɗar hoto iyakarsa ba ta wuce amfa 1 ko 2 a kan bolt 30 na DC ba. Littafin wasu na'urorin Hikvision ya ce bolt 12, amfa 1. Akwai kyamarorinsu da takardarsu ta rubuta bolt 12, miliamfa 30 kacal. Nemi lambar samfurin da ke jikin taka na'urar, ka karanta abin da aka rubuta mata ita kanta, domin ko 'yan gida ɗaya ba sa zama daidai.

Sannan ka duba abin da za ka jona. Lissafin mai sauƙi ne: raba wat da bolt, ka sami amfa. Babbar jiniya mai bakin ƙaho da aka rubuta wa wat 30, a kan bolt 12 amfa 2.5 take ja. Mai wat 15 tana jan amfa 1.25. Ka ga dukansu sun haura iyakar amfa 1. 'Yar ƙaramar jiniya mai haɗe da fitilar walƙiya, irin mai jan murfi, yawanci miliamfa 300 ne ko kusa da haka, ita kam za ta shiga.

Haƙoran da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsu ba sa mutuwa nan take, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Ranar farko komai ya yi, kowa ya tafi da murna. Amma duk sanda suka haɗu ko suka rabu, ɗan tartsatsi yana cin su. Wata rana ko dai su ƙi haɗuwa, ko su manne gaba ɗaya, jiniya ta yi ta kuka har sai an cire waya. Relen kuma a jikin allon na'urar yake a like, gyaransa sai an buɗe an yi aikin dalma.

Yadda nake gaya wa yaron da ke koyon aiki a wurina: relen cikin na'ura kamar yaron shago ne a kasuwa. In mota ta kawo buhunan shinkafa, ba shi ke ɗauka ba, aikinsa ya ruga ya kira 'yan dako. Ni ƙa'idata, duk abin da zai ja fiye da rabin abin da takarda ta rubuta, ba na barin sa ya bi ta cikin na'ura.

Ƙaramar jiniya kai tsaye

In ka tabbata jiniyarka ƙarama ce, ga yadda wayar ke tafiya. Samo adafta ta bolt 12 ta daban, kada ka yi aro daga wadda ke ciyar da na'urar, domin jiniya in ta tashi tana iya janye wutar, na'ura ta mutu ta sake kunnuwa daidai lokacin da ake son ta ɗauki hoto. Jar waya daga ƙafar + ta adafta ta bi ta fis na amfa 1, ta shiga COM. Wata ta fita daga NO ta tafi ƙafar + ta jiniya. Baƙar waya daga ƙafar − ta jiniya ta koma ƙafar − ta adafta kai tsaye, ba ruwanta da na'ura. Shi ke nan. Fis ɗin ya zauna kusa da adafta, ba can kusa da jiniya ba.

Ka feƙe wayar kamar milimita 6 ko 7, ka murza gashinta, ka tura har roba ta taɓa bakin rami, ka ɗaure sukuru, ka ɗan ja ka ji ko ta kama. Gashi ɗaya da ya kauce ya taɓa ramin maƙwabci ya isa ya ɓata maka yini.

Rele na biyu, mai ɗaukar kaya

Ga babbar jiniya, ko fitila, ko duk abin da ke amfani da wutar gari, sai an sa rele na waje a tsakani. Kowane rele gida biyu ne da ba sa taɓa juna. Akwai bobin, wato naɗin siririyar waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta bi ta ciki, akwai kuma haƙora da maganaɗisun ke ja. Na'urarka bobin kawai za ta kunna, shi kuwa abin da yake ci kaɗan ne. Haƙoran relen waje su ne za su ɗauki nauyin.

Jonawar bobin daidai take da ta ƙaramar jiniya: + na adafta zuwa COM na na'ura, NO na na'ura zuwa ƙafa ɗaya ta bobin, ɗaya ƙafar ta koma −. Sai ka ɗauki wata jar waya mai kauri daga + ta bi ta nata fis ɗin ta shiga COM na relen waje, ta fita ta NO ɗinsa zuwa jiniya.

In kayan na bolt 12 ne, relen mota ya wadatar, kuma ba wahalar samu, duk mai sayar da kayan wutar mota yana da shi. Ƙafafunsa da lamba: 85 da 86 su ne bobin, bisa al'ada 86 ke karɓar +, 85 kuma −. 30 shi ne COM, 87 shi ne NO, 87a kuma NC in mai ƙafa biyar ne. Bobin ɗinsa yana cin wajen miliamfa 150, wanda relen cikin DVR zai ɗauka ba gumi. Amma amfa 30 ko 40 da ka gani a jikinsa na wutar batirin mota ne. Ba a yi shi don bolt 220 ba, kada ka kai shi can.

Ga wutar gari ka nemi relen da aka rubuta 250VAC a jikinsa, mai bobin na bolt 12 DC, irin na Finder ko Omron mai zama a kan gindinsa da sukurori. A na Finder, A1 da A2 su ne bobin, 11 COM, 14 NO, 12 NC. Da ka karɓa a hannun mai shago, karanta bobin ɗin kafin ka biya, domin mai bolt 12 da mai 24 da mai 220 duk kamarsu ɗaya a ido.

In kuwa kyamara ce mai miliamfa 30, ko mai taransista, to hatta bobin ɗin relen mota ya fi ƙarfinta. A nan sai ɗan allon nan mai shuɗin rele da aka riga aka haɗa, mai ƙafafu uku ta gefe ɗaya: biyu na wutar allon, ɗaya na umarni. Ƙafar umarnin 'yan miliamfa kaɗan take buƙata. Ga taransista ka zaɓi wanda ke tashi in an ja ƙafar umarni zuwa −, kuma dole ka haɗa − na allon da G na kyamara, wato raminta na −, in ba haka ba ba za su ji juna ba.

Akwai ɗan abu guda da kuɗinsa bai kai na ƙullin gyaɗa ba amma yana ceton na'ura: dayod mai lamba 1N4007. Duk sanda aka yanke wa bobin wuta, maganaɗisun da ya taru a ciki yana mayar da wani bugu na wuta baya, wanda kan ninka bolt 12 ɗin sau da yawa. Bugun nan ne ke cin haƙoran ƙaramin rele, taransista kuwa yana iya kashe shi lokaci guda. Sai a gicciya dayod a kan ƙafafun bobin biyu, can kusa da shi. Dubi jikinsa, baƙi ne da farin zobe a gefe ɗaya. Gefen zoben shi ke zuwa ƙafar +. In ka juya shi, ka haɗa + da − kai tsaye ke nan, fis zai tashi da zarar ƙararrawa ta kunnu, in babu fis kuma haƙoran na'ura ne za su sha. Allon nan mai shuɗin rele yana zuwa da nasa a jiki. Dayod na bobin DC ne kawai, ba a sa shi a bobin wutar gari.

Maganar bolt 220

Wutar gari ba ta shiga ramukan ƙararrawa na bayan DVR ko ta halin ƙaƙa. Ko da ka ga an rubuta AC a takardar relen ciki, yawanci bolt 125 ake nufi, tamu kuwa a Kamaru da Cadi 220 ce. Relen waje ya zauna a cikin akwatin roba mai murfi, wayoyin 220 su shiga ta gefe ɗaya, na bolt 12 ta ɗaya gefen, kada su bi bututu ɗaya. Wayar mai rai ake yankewa da rele, ba ta komawa ba. In ka yanke ta komawa fitila za ta mutu, amma wuta na nan a jikinta tana jiran wanda zai hau canja ta. Kashe wutar daga mita kafin ka taɓa komai, ka kuma gwada ka tabbata ta mutu. In ba ka saba da aikin wutar gari ba, wannan ɓangaren ka kira mai aikin wuta, ba abin kunya ba ne.

Manyan fitilun LED na haskaka fili suna da wani hali da wat ɗinsu ba ya nunawa. A ƙiftawar farko ta kunnawa suna fizgar wuta mai yawan gaske, ninkin-ba-ninkin abin da suke ci in sun zauna. Fitila ɗaya ko biyu masu wat 50, relen amfa 10 zai riƙe. In sito ne da aka kewaye da fitilu biyar ko shida, fizgar nan tana manne haƙoran rele ko da lissafin amfa ya nuna da sauran wuri. A nan sai a ƙara mataki: na'ura ta kunna rele, rele ya kunna bobin ɗin kontakta, wato babban rele mai ɗaukar nauyi, kontakta ta ɗauki fitilun. Haka ma famfon ruwa ko duk wani abu mai moto.

Waya da nisa

Bolt 12 ba ta son tafiya mai nisa. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 0.5, in jiniya tana nisan mita 50, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, tana cinye wajen bolt 3.5 a kan amfa 1. Abin da zai isa ga jiniya bai kai bolt 9 ba, sai ka ji kukanta a shaƙe. Mai kaurin 1.5 a wannan nisa kusan bolt 1.2 take ci. Wannan ma in jan ƙarfe ne na gaskiya. Kasuwa cike take da wayar da alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare ta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye ta. Araha ba ta ado.

Dabarar da ta fi ita ce ka kai adafta da relen waje kusa da jiniyar, doguwar waya ta ɗauki wutar bobin kawai. Miliamfa 30 ko 150 ba sa jin nisan mita 50, ko wayar intanet ta ishe su. Wannan tsari yana da wani amfanin in damina ta faɗi: doguwar waya tsakanin gini da gini tana kwaso bugun tsawa, gara ya tsaya a relen da za ka canja da ɗan kuɗi kaɗan. Wayar da ke waje ta bi ta cikin bututun roba, saboda rana da ɓera, mahaɗa kuma a yi ta da domino, wato mahaɗin waya mai sukurori, a cikin akwati, ba murɗe-murɗe da salatif ba. Zafin watan Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, salatif narkewa yake ya saki.

In an ɗauke wuta

Wutar arewacin nan da yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya kafin damina, kowa ya san yadda ake rabon ta unguwa-unguwa. Ɓarawo ma ya sani. Wanda bai jira an ɗauke ba, zai fara da wayar mita. Jiniyar da ke mutuwa tare da wutar gari ba ta tsare komai ba, don haka na'ura da kyamarori da adaftar jiniya duk su zauna a kan batir.

Yi lissafi kafin ka yi wa mutum alkawari. Na'ura da kyamarori huɗu da dare suna iya cin wajen wat 40, fiye da amfa 3 ke nan. Ƙaramin batirin nan na 7Ah ba zai kai ka awa biyu cikakku ba. In ana son a kwana, sai babban batir ko sola. Mai sola kuma ya kula: batirin bolt 12 yana haura 14 in yana caji, wasu gidajen ma tsarinsu na bolt 24 ne ko 48, sai an sa abin daidaita wuta a tsakani. Zafi kuma yana cin batirin dalma, kusan duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu. Kada ka rataye shi a saman ɗaki dab da kwano.

Akwai jiniya mai batirinta a ciki, wadda ake riƙe ta da bolt 12 kullum, da zarar wutar ta yanke sai ta fashe da kuka. Ita a COM da NC ake bi da wayar riƙon. Ƙararrawa ta tashi, ta yi kuka. An datse waya, ta yi kuka. Ga shagon da ba mai kwana a ciki, ita nake ba da shawara, muddin wutar riƙon tana kan batir, in ba haka ba duk ɗaukewar wuta sai ta tayar da mutane.

Cikin menu

Waya ta gama nata, saura ka gaya wa na'ura yaushe za ta ja relen. Wurare uku ne, kuma mantuwa da ɗaya ya isa ya sa a ji shiru. Na farko shafin ALARM OUT kansa, inda ake sa jadawalin lokutan da aka yarda ya yi aiki da kuma tsawon kukan. A Dahua akwai zaɓi uku, na kai-da-kai, na hannu, da na kashewa, ka bar shi a na kai-da-kai. Na biyu shafin abin da zai tayar da shi, shi ma da nasa jadawalin. Na uku, a cikin wannan shafin, wajen da ake zaɓar abin da za a yi in abu ya faru: dole ka sa alama a kan lambar ramin da ka jona. Na'urorin da ke zuwa mana ta Duwala galibi da Faransanci menu ɗinsu yake, na Yola da Kano da Turanci, amma jerin shafukan ɗaya ne. Ka duba agogon na'urar ma. In batirin agogon ya mutu, jadawalin dare zai iya komawa aiki da rana.

Tsawon kuka minti ɗaya ko biyu ya isa. Kada ka zaɓi wanda sai an kashe da hannu a shagon da mai shi ke kwana a wata unguwa.

Abin da ya fi wuya shi ne zaɓen abin da zai tayar da ita. Gano motsi na cikin hoto, irin na da, ban yarda a ɗaura masa jiniya a waje ba. Ƙwari suna taruwa a fitilar daren kyamara, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin gilashi, ƙadangare ya gitta, akuya ta wuce, ɗan acaɓa ya haske bango, iskar hunturu ta kaɗa ganyen darbejiya. Kowanne motsi ne a wajen na'ura. Dare uku ana haka, maƙwabta sun daina leƙowa, na huɗu mai shagon da kansa zai zare waya. Sababbin na'urori masu bambanta mutum da mota daga sauran abubuwa, AcuSense a Hikvision, SMD a Dahua, sun rage wannan sosai, musamman in ka ja layi a cikin hoto ka ce sai an tsallake shi. Duk da haka, fitila nake ba su, ba jiniya ba. Fitila in ta kunnu a banza ba wanda ya farka.

Jiniya kuwa a ɗaura ta da abin da ba ya ƙarya. Maganaɗisun ƙofa, guda a jikin ƙyaure guda a jikin dogari, wayoyinsa biyu su shiga ALARM IN, ɗaya a rami mai lamba, ɗayar a G, a menu ka ce masa NC. Ƙofa a rufe, da'ira a rufe. An buɗe ko an yanke waya, ta tashi. Ƙofar ƙarfe ta shago tana da lilo, ka nemi babban maganaɗisu na ƙarfe mai yarda da tazara, kada iska ta riƙa tayar da shi. Masu shigowa ta rufi kuma, na'urar jin ɗumin jikin mutum a cikin ɗakin kaya, a kusurwa, ba ta kallon taga ba.

Ƙofa da kwaɗon lantarki

Ana iya buɗe get mai moto daga waya ta wannan hanyar: COM da NO su tafi ramukan maɓallin turawa da ke allon moton, a sa mafi gajeren lokaci da menu ya yarda. Kada a yi haka in babu idon tsaro da ke tsayar da get in yaro ko mota na tsakani. Kwaɗon maganaɗisu kuma wuta ce ke riƙe shi, yana cin wajen rabin amfa, ta NC na relen waje ake bi da shi, kuma dole a sa maɓallin fita daga ciki wanda ke yanke wutarsa kai tsaye ba tare da ya bi ta na'ura ba. Gobara ba ta jiran a shiga menu.

Abu biyu ake roƙona da ba na yi. Wani Alhaji mai sito ya taɓa ce mini, "Malam, so nake in ya shiga ƙofa ta kulle shi a ciki har gari ya waye." Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, na'ura ba ta san ɓarawo ba. Ranar da yaronka ya koma ɗauko abin da ya manta, ko wuta ta kama, shi za ta kulle." Ɗayan ya fi muni: a jona wa ƙofar ƙarfe bolt 220. Wanda ke jingina da ƙofar shago da dare mai gadi ne, ko almajirin da ya fake wa ruwan sama. Duk wanda ya zo maka da wannan, ka ba shi haƙuri ka nuna masa jiniya da fitila, ko nawa zai biya.

Kafin ka tattara kayan aiki, ka sanar da mai gadi da maƙwabta cewa za a yi gwaji, kuma ka kauce wa lokacin salla. Rufe ƙofa, sa jadawali ya kama, buɗe ka ji. Sake yi bayan ka kashe wutar gari daga mita, ka auna bolt a ƙafafun jiniyar tana cikin kuka, kada ya gaza 11. Nuna wa mai wurin yadda zai kashe ta da kansa, ka manna takarda a cikin murfin akwatin rele mai nuna wace waya ta tafi ina da girman kowane fis, ka kuma rubuta watan da shekarar da aka sa batir a jikinsa da alƙalamin da ba ya gogewa.